Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Hanyar Kuɗi Da Hanyar Kyauta

A komin ɗin Guna, cikin gundumar Mirya ta jahar Damagaram, kamar sauran kominonin karkara na ƙasar Nijar, aikin da a da a ke yi da alƙalami da babban littafi yana komawa sannu a hankali cikin na'urar kwamfuta, wadda ma'aikata suka fi sani da sunan ordinatar. Sunayen jariran da za a yi wa takardar haihuwa, da na ƴan lakwal masu shiga jarrabawa, da lissafin magani na gidan likita, da na hatsin da ƙungiyar manoma ta ajiye a rumbun tsimi, duka suna iya taruwa cikin inji guda. Galibin injunan nan kuwa ba sababbi ba ne. Wasu wani aikin raya karkara ne ya bar su da ya ƙare, wasu na gwanjo ne da suka biyo ta Kano ko ta Kwatano.

Ranar da irin wannan inji ya ƙi tashi, aikin mutane da yawa ya tsaya. Uba ya taso daga ƙauye a kan amalanke domin takardar ɗansa, sai a ce masa ya koma ya dawo. Sakatare kuma ya ɗauki injin ya nufi Mirya ko birnin Damagaram neman mai gyara, ya biya kuɗin mota, ya biya ladan aiki, wani lokaci ma ya dawo da inji mai tashi amma babu ko takarda ɗaya a cikinsa, domin mai gyara ya share kome. Alhali kuwa akwai wani ɗan abu da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, wanda zai iya tayar da injin nan a wurin da ya ke. Shi ne kilen USB, wanda a Najeriya a ke kira filashi. Akwai hanyoyin shirya shi na kuɗi, akwai na kyauta, kuma ya kamata duk mai riƙe da amanar ofis ya san bambancinsu.

Yadda kwamfuta ta ke tashi

Kwamfuta ba ta tashi gaba ɗaya. Idan aka danna maɓallin kunnawa, wata ƙaramar manhaja ce ta ke fara farkawa, wadda masu ƙera injin suka dasa a jikinsa tun daga masana'anta. A tsofaffin injuna sunanta BIOS, a na baya-bayan nan kuma UEFI. Aikinta kamar na mai gadin ofis ne da ya ke riga kowa tashi da safe: ta duba ko kome yana wurinsa, sa'an nan ta je ta taso babbar manhaja, watau Windows ko Linux, daga faifan da ke cikin injin. Idan faifan ya lalace, ko ƙwayar cutar kwamfuta ta ɓata farkonsa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta shi, to mai gadi zai yi ta sallama babu mai amsawa. Sai allo ya tsaya baƙi, da ɗan rubutu na Ingilishi ko Faransanci. Ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a jahar Damagaram, balle abin da aka gani daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta tsayar da wutar da ta ke turowa Nijar.

To amma mai gadin nan ana iya nuna masa wata ƙofa. Idan aka soka kilen da aka riga aka shirya, aka kunna injin, aka yi ta danna maɓalli guda tun kafin wani rubutu ya fito, sai ya tambaya daga ina a ke so ya tashi. A injunan Dell da Lenovo maɓallin F12 ne, a na HP F9 ne, a yawancin na Asus kuma Esc. Sai a zaɓi sunan kilen.

A da da faifan CD a ke wannan aiki. Tun a shekarar 2000 wani Bajamushe mai suna Klaus Knopper ya fito da Knoppix, watau Linux da ke tashi daga CD ba tare da an girka shi ba. A wannan shekara kuma aka fara sayar da kilen USB, wanda na farko bai wuce mega 8 ba. Yau kile mai jiga 16 ko 32 yana nan a teburin masu sayar da kayan salula a kasuwar Dole ta Damagaram, ƙananan injuna na yanzu kuwa ba su ma zuwa da wurin sa CD, shi kansa CD ɗin ƙurar hunturu ba ta barinsa ya daɗe.

Abin lura shi ne, kwafe fayil a zuba cikin kile kamar yadda a ke zuba hotuna ko waƙoƙi ba ya sa shi tayar da inji. Sai an shirya shi da wata manhaja ta musamman. A nan ne maganar kuɗi ta ke shigowa.

Hanyoyin kuɗi

Hanya ta farko ita ce sayen Windows na asali, wanda ya kan zo cikin ɗan kwali da kilensa a shirye da lambar lasisi. Farashin da kamfanin Microsoft ya sa wa Windows 11 a Faransa yuro 145 ne ga na gida, yuro 259 ga na ofis. Tun da yuro guda yana daidai da sefa 655,957 ba ya canjawa, na gida ya kama wajen jika 95, na ofis wajen jika 170. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar kuwa jika 42 ne tun daga watan Janairu na 2024. Ashe lasisi guda na gida ya haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci.

Hanya ta biyu ita ce sayen manhajar da ke shirya kilen. Akwai UltraISO da PowerISO, waɗanda duka na kuɗi ne. Akwai WinToUSB, wadda ke da kashi na kyauta da kashi na kuɗi, aikinta kuwa shi ne ta sa Windows sukutum ya zauna cikin kile, mutum ya yi yawo da shi a aljihu. Kamfanin Microsoft da kansa ya taɓa yin irin wannan da sunan Windows To Go a shekarar 2012, amma ya janye shi a 2020. Akwai kuma Parted Magic, tarin kayan gyaran faifai, wanda a da kyauta ne, ya koma na kuɗi a 2013. Duk waɗannan ta intanet a ke sayen su da katin banki, abin da ba kowane ma'aikacin karkara ke da shi ba. Amfaninsu shi ne akwai kamfanin da za a rubuta wa idan abu ya cije, kuma wasunsu suna da ƙarin ayyuka da babban mai gyara zai bukata. Amma ga mai son tayar da inji kawai, babu abin da suka fi na kyauta da shi.

Hanya ta uku, wadda aka fi bi, ita ce biyan mai gyara. Wannan ba laifi ba ne, domin mai sana'a ya cancanci ladansa, kuma akwai lalacewar da sai shi, kamar faifan da ya mutu ɗungum ko injin da wuta ta ƙona. Sai dai ya kamata mai kai gyara ya san abin da ya ke biya. Yana biyan gwaninta da lokacin mai gyara ne. Manhajar da mai gyara ya shirya kilensa da ita, sau da yawa shi ma kyauta ya same ta. Idan kuma an sa wa mutum Windows a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba, ba a ba shi lambar lasisi ba, to ya sani ba na asali aka sa masa ba.

Hanyoyin kyauta

Mafi shahara a cikinsu ita ce Rufus, wadda wani masani mai suna Pete Batard ya fitar a ƙarshen 2011. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce ƴan mega kaɗan ba, ba ta bukatar a girka ta, tana kuma magana da Faransanci. Ana buɗe ta a wani inji mai lafiya, a nuna mata kilen, a nuna mata fayil ɗin babbar manhaja, wanda a ke kira ISO, a danna maɓalli guda. Cikin ƴan mintoci ta gama. Amma a yi hattara: Rufus tana share duk abin da ke cikin kilen kafin ta fara, saboda haka a kwashe kayan da ke ciki tukuna.

Ta biyu ita ce Ventoy, wadda ta fito a 2020. Ita sau ɗaya a ke shirya kile da ita. Bayan haka sai a riƙa zuba fayilolin ISO a ciki kamar yadda a ke zuba kowane fayil, ko biyu ko biyar, gwargwadon girman kilen. Idan inji ya tashi sai ya jera su, mutum ya zaɓi wanda ya ke so. Sauran filin da ya rage kuma ana iya ajiye takardu a ciki. Ga ofishin da ke da kile guda da injuna iri-iri, wannan ta fi dacewa. Akwai kuma UNetbootin, wadda ta girme su duka domin tun 2007 ta ke, da balenaEtcher mai sauƙin sarrafawa.

Kamfanin Microsoft shi ma yana ba da tasa kyauta, mai suna Media Creation Tool, wadda ke sauko da Windows ta shirya shi cikin kile mai aƙalla jiga 8. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kilen girka Windows kyauta ne, izinin yin aiki da Windows shi ne na kuɗi. To amma injuna da yawa na gwanjo sun riga sun zo da izininsu. Tun daga zamanin Windows 8, a shekarar 2012, manyan kamfanonin ƙera injuna suna dasa lambar lasisi a cikin jikin injin. Idan aka sake girka irin Windows ɗin da ya zo da shi, sai ya gane lambarsa da kansa da zarar ya sami intanet. Saboda rashin sanin wannan, wasu su kan biya kuɗi a share musu na halal a sa musu na sata.

Akwai kuma hanyar da ta ke kyauta tun daga tushe har reshe, ita ce Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, a kan aikin da Richard Stallman ya soma a Amurka a 1983 na samar da manhajar da kowa ke da ƴancin kwafewa da gyarawa da rabawa. Yana da iri da yawa: Debian, da Linux Mint, da Ubuntu wanda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. Akwai ma Emmabuntüs, wanda wasu ƴan sa kai a Faransa suka shirya musamman domin raya tsofaffin injuna, an kuma yi aiki da shi a ɗakunan kwamfuta na makarantu a arewacin Togo. Suna zuwa da LibreOffice, wadda ke rubuta wasiƙa da jadawalin lissafi, tana kuma buɗe takardun Word da Excel. Haruffan Hausa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ana iya buga su a cikinta, abin da ya ƙara muhimmanci tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Babban amfanin Linux ga injin da ya ƙi tashi shi ne, yana iya aiki daga cikin kile ba tare da ya taɓa faifan ciki ba. Sai a tayar da injin da shi, a buɗe faifan ciki kamar yadda a ke buɗe akwati, a kwashe takardun ofis a zuba cikin wani kile ko faifan waje. Bayan an tsirar da takardu ne ya kamata a yi maganar sharewa da sake girkawa. Wanda ya fara da sharewa ya yi gyaran gangar auzinawa. Sai dai idan an kulle faifan da makullin sirri na BitLocker, kamar yadda a ke samu a sababbin injuna masu Windows 11, ba zai buɗu ba sai da lambar ceto mai alƙaluma 48, don haka a rubuta ta a takarda a adana tun inji yana da lafiya.

Kyauta ma da tata ɗawainiya

Ba daidai ba ne a ce hanyar kyauta ba ta cin ko dala. Fayil ɗin Windows 11 ya haura jiga 5, na Linux Mint kusan jiga 3 ne. Sauko da su ta layin salula, ko na Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani, ko Niger Telecom, yana cin kuɗi, kuma inda layi ba shi da ƙarfi yana iya yankewa a tsakiya a koma farko. Dabara ita ce a sauke sau ɗaya a birni, inda intanet ya fi ƙarfi, sa'an nan a kwafa wa juna. Doka ba ta hana kwafar Linux ba, masu shi ma abin da su ke so ke nan. Sai kuma kuɗin kilen kansa, da inji na biyu mai lafiya da za a shirya shi a kai, da lokacin koyo. Akwai kuma manhajojin da wata ma'aikata ko wani aikin taimako ya kawo waɗanda ba su aiki sai a kan Windows, da injunan buga takarda da Linux bai san su ba. Wannan ya sa ya kamata a gwada daga kile tukuna, a buga takarda guda a gani, kafin a yanke shawara.

Shi kilen ma a duba shi. Akwai na jabu da a ke rubuta musu jiga 64 ko 128 alhali cikinsu bai kai haka ba. Suna karɓar kaya kamar gaske, ranar bukata a tarar babu kome. Wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw tana cika kile ta sake karantawa, ta faɗi ainihin girmansa. Araha ba ta ado.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa

Ran 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, kamar yadda ya daina da Windows XP a 2014 da Windows 7 a 2020. Ya buɗe shirin ƙarin shekara guda ga masu injin gida, zuwa 13 ga Oktoba 2026, wanda ɗaya daga cikin hanyoyin shigarsa biyan dalar Amurka 30 ne. Injin ba ya mutuwa don an daina kula da shi, sai dai ramukan da ɓarayi ke ganowa ba a ƙara toshe su. Duniya ta ga sakamakon haka a watan Mayu na 2017, lokacin da ƙwayar cutar WannaCry ta kama injuna a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka mayar da majinyata gida.

Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa. Yana neman wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa ta jiga 4, da faifai na jiga 64, kuma yawancin injunan da aka ƙera kafin wajen 2018 ba ya karɓar su. Rufus tana iya tsallake waɗannan sharuɗɗa, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta injin da aka sa wa ta haka ba. Ofishin da ke da tsohon inji yana da zaɓi uku ke nan: ya sayi sabo, ko ya ci gaba da tsohon Windows cikin kasada, ko ya koma Linux. Ba talakawa kaɗai ke bin ta ukun ba. Jandarmomin Faransa sun fara mayar da injunansu kan Ubuntu tun 2008, sun kuma mayar da fiye da 70.000. Jahar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta mayar da injunan ma'aikatanta wajen 30.000 kan LibreOffice da Linux.

Windows na sata shi ne mafi tsada a ƙarshe. Dokar haƙƙin mallaka ta ran 23 ga Disamba 2010 ta hana shi, kuma manhajojin da a ke fasa lasisi da su sau da yawa suna ɗauke da ƙwayar cuta a ciki. Duk wanda ya saba shiga gidajen intanet ya san cutar nan da ke ɓoye fayilolin kile ta bar inuwarsu kawai. Kilen ceto da aka riƙa sokawa a kowane inji zai iya kwaso ta. Saboda haka manhaja a sauko da ita daga gidan masu ita na asali, kilen ceto kuma a keɓe shi ga aikinsa shi kaɗai.

Akwai wani haɗari kuma da ya shafi shugabannin ofisoshi. Kilen da ya ba sakatare damar tsirar da takardu, shi ne zai ba baƙo damar kwashe su, ko da bai san kalmar sirrin Windows ba. Sunayen mutane da cututtukansu da haihuwarsu amana ce, akwai kuma hukumar HAPDP da doka ta ɗora wa tsaron irin waɗannan bayanai. Maganin abin shi ne a sa wa BIOS kalmar sirri, a kulle ɗakin da injin ya ke.

Abin da ya kamata a yi

Kowane ofishi, ko na komin, ko na lakwal, ko na gidan likita, ko na ƙungiyar manoma, ya tanadi kile biyu. Na farko a shirya shi da Ventoy, a zuba masa Linux guda da irin Windows ɗin da injin ofis ke da izininsa, a gwada shi tun ba a shiga matsala ba, a rubuta masa suna, a sa shi cikin ambulan a kulle tare da hatimin ofis. Na biyu a riƙa kwafe takardun ofis a cikinsa kowace Juma'a, a ajiye shi a wani ɗaki dabam. A koya wa mutum biyu aƙalla, domin ma'aikaci ana canja masa wurin aiki. Wanda ya iya karatu da rubutu, ko a ajin yaƙi da jahilci ya koya, zai iya riƙe matakan nan idan an nuna masa sau biyu ko uku. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ke komawa garuruwansu lokacin hutu suna iya ba da babban taimako a nan, hukumomin gunduma kuma suna iya haɗa sakatarorin kominoni a Mirya a yi musu horo na yini guda.

Kuɗi kuwa a kashe shi inda ya ke da amfani: lasisi na asali ga injin da aikinsa ba ya yiwuwa sai da Windows, da kile mai kyau, da batirin da ke riƙe inji idan wuta ta ɗauke, da ladan mai gyara na kirki idan ƙarfe ne ya lalace. Tarihin Damagaram ya nuna cewa Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, bai tsaya ga sayen bindigogi daga fataken Turabulus ba, ya sa maƙeran birninsa sun zuba igwa da hannunsu. Jikokin waɗannan maƙera ba za su kasa shirya kilen da zai tayar da injin ofishinsu ba, domin uban da ya taso daga ƙauye ya koma gida da takardar ɗansa a ranar da ya zo.